Abin da Zulai ta Kai Dungas

Tun gero bai fitar da kai ba Zulai ta gama shirin baƙuwarta. Ta share ɗakin da ke kusa da rumbu, ta kwaɓa ƙasa ta toshe duk wata tsaga da ke bangon don kada iska ta shiga, ta sa an gyara gadon ƙasar da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Itacen da ta tara tun bazara yana jibge a rumfa, ta rufe shi da tsohuwar tabarma saboda ruwan sama. Kanwa ma ta saya ta adana. Abin da ya rage kawai shi ne a kawo mata Hinda goyon ciki, ta haihu a gabanta, ta yi mata wankan jego har arba'in, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a haihuwar fari.

Hinda 'yar farinta ce, kuma ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta. Duk wanda ya san ƙauyukan Kwaya ya san abin da wannan ke nufi. Zulai ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ranar da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, ta girma a can gidan da ke bayan masallaci, tana ce wa kakar Inna, tana ce wa Zulai Yaya kamar yadda ta ji yaran gidan suna faɗa. Ranar aurenta ma Zulai tana madafa tana tuƙa tuwon baƙi, kai ka ce 'yar maƙwabta ake aurarwa. Al'ada ta hana ta abubuwa da yawa, amma ta bar mata guda ɗaya, wato kwana arba'in ɗin nan. A cikinsu uwa tana da ikon taɓa jikin 'yarta safe da yamma, ta dama mata kunu, ta gasa mata nama, ta yi mata faɗa son ranta, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Fiye da shekara ashirin ke nan tana jiran su.

Gidan kuwa ba kowa. Maigidan ya rasu shekarun baya, 'ya'yanta maza, Usaini da ƙanensa, suna can Aljeriya neman na kansu, sai jefi-jefi a ji muryarsu. Daga akuya biyu sai kaji, sai kuma Gaji mai daddawa, wadda danga ɗaya ta raba su. Gaji tsohuwa ce mai baki, ba ta san ta ga abu ta yi shiru ba, amma ita ce kaɗai ke leƙowa da safe ta tambayi kwana.

Sai kuma tarin. Tun bazara ya kama Zulai. Da fari ta ce mura ce, daga baya ta ce hayaƙi ne, da ruwa ya sauka ta ce sanyin damina ne. Ta sha kafso wajen mai tallan magani ranar kasuwa, ta sha saƙe-saƙi, tari ya ce bai san zancen ba. Zaninta ya fara yi mata yawa, da safe kuma sai ta tarar da tabarmarta jiƙe da gumi. In kaki ya taso mata sai ta zagaya bayan ɗaki ta tofar, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ba ta ko dubawa.

Mijin Hinda sunansa Abdulhadi, yana aiki a gidan likita na Dungas, a ɗakin awo, wanda su ke ce wa labo. Da cikin ya shiga wata bakwai sai ya hau moto, wato babur, ya zo gaida surukarsa, a sa ranar da zai kawo matar. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa a gefen danga, ita kuwa tana cikin ɗaki bayan asabari. Gaji ta zauna a tsakani tana kai magana tana kawowa, alhali kowannensu yana jin ɗan'uwansa sarai. Ana cikin haka tari ya sarƙe Zulai. Ta danne, ta toshe baki da gefen mayafi, ina! Ya fito da ƙarfinsa, mai zurfi, ya daɗe bai sake ta ba. Abdulhadi ya kasa kunne. Can ya tambayi Gaji tun yaushe Inna, wato surukar tasa, ke wannan tari, Gaji kuwa ta zazzage masa komai, har da gumin da ramar.

Bai sa rana ba. Ya fito da wata 'yar roba mai jan murfi daga jakarsa ya ba Gaji, ya ce a roƙi Inna, gobe da sassafe kafin ta ci komai, ta kakaro abin da ke can ƙasan ƙirjinta ta tofa a ciki, a kai masa ya duba. Da zarar ya ga ba komai zai kawo Hinda da kansa.

To, ku duba mini wannan al'amari. Matar da ba ta iya shan ruwa a gaban surukinta, wadda in ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin gonar mutane, ita ce aka ce ta kakaro ƙazantar ƙirjinta ta ƙunsa ta aika masa, ya buɗe, ya zuba mata ido. Zulai ta juya robar a hannu ta ce lallai boko ya gama da yaran yanzu. Da gari ya waye ta yi aswaki, ta kuskure baki har ta gaji, sannan ta tara yawu mai tsabta, fari tas, ta zuba. Ta naɗe robar a sabon ƙyalle, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da ƙwan zabi, don ba a aika wa suruki abu haka tsirara. Ranar kasuwar Dungas Gaji ta tafi da shi tare da daddawarta.

Da yamma Gaji ta dawo tana dariya tun daga ƙofar gida. Ta ce yaron ya ɗaga robar a haske, ya karkata ta, abin ya gangara kamar ruwa, ga kumfa a sama. Don girmamawa dai ya shafa a ɗan gilashi ya duba a madubinsa na ganin ƙananan ƙwayoyi, bai ga komai ba sai ɓawon fatar baki, irin wanda ke cikin yawun kowa. Ya ce abin da ya fito daga huhu mai ciwo kauri gare shi, kuma yana zuwa da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke taruwa duk inda jiki ke faɗa da cuta. Wannan kam yawu ne, da shi ba zai iya cewa akwai ba, ba zai iya cewa babu ba. Ya gode da ƙwai, ga wata robar.

Karo na biyu Zulai ta cika robar fal, wai ko ƙaranci ne ya hana shi gani. Saƙo ya dawo cikin ladabi cewa ba yawa ake so ba.

Ni dai ba zan ce kunya ce kaɗai ba. Kunyar gaskiya ce, amma akwai abin da ya laɓe a bayanta. Wata safiya a bayan ɗaki, kafin ta tura ƙasa, idonta ya faɗa kan abin da ta tofar, ta ga zaren jini a ciki. Ta san sunan da ake kiran wannan. Tana yarinya ta ga kawunta da tarin fuka, aka yi masa bukka a bayan gida, aka ware masa ƙoƙo da akushi, ana tura masa tuwo daga nesa har ya cika. Tun daga safiyar nan, duk sanda Gaji ta kawo zancen roba, sai Zulai ta ce ita fa ba za ta iya wannan rashin kunya ba, Gaji ta yi tsaki ta koma gidanta.

Ciki ya shiga wata takwas. A bakin rijiya mata suka fara tambaya, yaushe za a kawo yarinyar ne, ko an fasa? Zulai takan ce ana nan ana shiri, ta ɗora tulunta ta wuce. Wata ranar kuma sai ga Gaji da talho, wato waya, a hannu, ta miƙo ta saman danga, ta ce daga Dungas ne.

"Yaya, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" in ji Hinda.

"Da sauƙi."

Ba su saba doguwar magana ba. Can Hinda ta ce Malam, mijin nata, ya ce in awon bai yiwu ba, zai aika garin Waca a kira Gwaggo Fadi, ƙanwar babansa, ta zo ta yi mata wankan a nan Dungas. Ta faɗi maganar a hankali, kamar mai tsoron ta fashe. Ta ƙara da cewa ita dai gida take so. Zulai ta ce to, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta miƙa wa Gaji talhonta.

Ta shiga ɗakin da ta share ta zauna a bakin gadon ƙasa. Ba wuta a ƙarƙashinsa, sanyi ya ratso mata zani. Kaɗaici ba baƙonta ba ne, amma na ranar daban yake, don a da tana zaman jiran wani abu ne, yanzu kuwa ana shirin ba wata matar abin. Ta daɗe a nan, har akuyoyi suka dame ta da kuka sannan ta tashi ta ba su harawa.

Gaji ce ta kawo dabara. Shekarunta nawa tana dafa kalwa a kan ɗanyen itace, hayaƙi ya gama zama a ƙirjinta, in ta yi kakin safe har kajin Zulai sai sun watse. Ta leƙo ta danga bayan la'asar ta ce, "Wai kaki yake so ko? To ni Allah ya hore mini. Miƙo robar gobe in cika masa, mai kauri, ya duba ya huta, mu ma mu huta."

Zulai ta ce a'uzubillahi. Gaji ta ce ta bar wani a'uzubillahi, tarin Zulai ba komai ba ne illa sanyi da zaman shiru, da yarinyar ta zo gida ya cika da kukan jariri za ta warke. Ba mugunta ce ta sa Gaji faɗin haka ba, tausayi ne, kuma har ranta ta yarda da abin da ta faɗa. Zulai ta shige ɗaki. Amma da asuba, bayan ta sallame salla, ta miƙa wa Gaji robar ta saman danga.

Wannan karon Abdulhadi ya roƙa a zo da Inna da kanta, don majo, babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjinta. Saboda haka su biyu suka hau amalanke zuwa bakin hanya, daga nan suka shiga motar kasuwa. Gero ya yi kai hagu da dama, wake ya yaɗu a ƙarƙashinsa, mutanen motar suna ta zancen kyan damina. Zulai ta manne a gefe, mayafi a baki, robar tana ƙulle a bakin zaninta tana taɓa mata cinya duk sanda mota ta faɗa rami.

A gidan likita Gaji ce ta miƙa robar ta taga. Abdulhadi ya ɗaga ta a haske ya karkata, abin bai motsa ba. Ya ce yauwa, wannan kam daga ƙirji ya fito, a gaida Inna da ƙoƙari. Gaji ta kau da kai, ta ce bari ta yi sauri kada a kama mata wuri a kasuwa, ta suri ƙwaryar daddawarta ta yi gaba. Aka bar Zulai ita kaɗai a kan benci ƙarƙashin wata rumfa, daidai inda take hango cikin ɗakin awo.

Ba ta yi niyyar kallo ba, amma ba abin yi. Ta ga ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, ya ɗebo kaɗan da ɗan tsinke ya shafa a kan gilashi, ya bar shi ya bushe. Ya gifta shi ta kan harshen wuta. Ya zuba masa wani jan ruwa, ya ɗumama har tururi ya tashi, ya jira, ya ɗauraye. Ya zuba wani ruwan da ya wanke jan nan, sannan ya bi da shuɗi kamar mai rini. Da ya bushe ya ɗiga masa mai, ya sa a ƙarƙashin madubin, ya sunkuya. Tun da ya auri Hinda Zulai ba ta taɓa kallon fuskarsa sosai ba, sai yau. Ashe siriri ne haka, ashe har sanƙo ya fara masa. Yana murza wani ɗan abu da yatsa a hankali, yana tsayawa, yana murzawa, ya daɗe ƙwarai bai ɗago ba. Da ya janye abin rufe bakin don ya share gumi, ta ga leɓensa yana motsi. Addu'a yake yi. Sai a lokacin ta gane shi ma a tsorace yake.

Da ya ɗago sai ya shafa fuska da hannu biyu, ya ɗauki talho ya yi 'yar magana yana murmushi, sannan ya fito. Ya duba bai ga Gaji ba, ya rasa yadda zai yi. Daga bisani ya durƙusa nesa kaɗan, ya dubi gindin ginshiƙin rumfar, ya yi wa ginshiƙin magana. Ya ce alhamdulillahi, ba komai. Ƙwayar tarin fuka tana da wata riga mai maiƙo, in ta kama jan rinin nan ba ta saki ko an wanke, saboda haka in tana nan sai a gan ta ja a cikin shuɗi. Ya bi gilashin lungu-lungu bai ga ko ɗaya ba. Wataƙila hayaƙi ne ya yi mata yawa, majo zai duba ya ba ta magani. Sannan ya ci gaba da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ku gafarce ni, na san na matsa muku. Wallahi ba raini ba ne. Ita wannan ƙwaya ba ta ƙoƙo take bi ba, ba ta hannu ba, a iska take tafiya. Rana tana kashe ta, sarari yana watsa ta. Amma ɗakin jego a rufe yake, ga wuta, ga tabarma a ƙofa, ku uku a ciki ba fita. Babba yakan jure ya sha magani ya tashi. Jariri kuwa ba ta tsaya masa a ƙirji, har kai take hawa. Na ga irinsu a nan, shi ya sa na kasa. Jibi in Allah ya yarda zan kawo ta."

Shi ke nan, ta samu abin da ta zo nema. Ba abin da ya rage sai ta ce Allah ya yi albarka, ta tashi ta nemi Gaji, su sayi citta da kanumfari su koma gida. Amma ta kasa tashi. Ɗakin ne ya tsaya mata a ido, da bangon da ta bi da hannunta ta toshe don kada iska ta samu hanya, da kanta zaune a ciki da ɗan jinjiri a cinya, ta sunkuya a kansa tana tari. Ita duk tsoronta na ƙoƙo ne da akushi, ta riga ta yanke a ranta cewa za ta ware nata ba tare da kowa ya lura ba. Ba ta taɓa kawo numfashi a lissafi ba.

Abdulhadi ya yunƙura zai tashi.

"Ba nawa ba ne," in ji Zulai.

Ita ce magana ta farko da ta taɓa yi masa ba da ɗan aike ba. Muryar ta fito a shaƙe, har ya zaci bai ji daidai ba. Ta sake cewa, "Na Gaji ne."

Ya koma ya durƙusa. Bai tambaye ta dalili ba, bai ce don me ba, kuma wannan ya fi mata zafi a kan a ce ya yi faɗa. Can ya miƙe ya shiga ciki, ya fito da sabuwar roba, ya ajiye a bakin benci, ya ce in Inna ta yarda su zagaya baya, inda ba mutane, akwai iska.

A bayan ginin akwai fili da bishiyar dogon yaro. Ya tsaya can gefe ya juya mata baya, yana fuskantar katanga, ya shiga faɗa mata yadda ake yi kamar mai karanta wa katangar. Ta riƙe ƙugu. Ta ja numfashi har ƙasa, ta riƙe, ta saki a hankali. Ta sake. Sannan ta ja da ƙarfi ta yi tarin tun daga ciki, kada ta danne. Watanni ke nan tana danne tarin nan a gaban mutane, yau aka ce ta sake shi, a bayan surukinta. Ta sake shi. Ƙarar da ta fito daga ƙirjinta ita kanta ba ta san tana da irinta ba, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tofa, ta rufe murfin, ta share hawayen da tarin ya kawo da waɗanda ba shi ya kawo ba. Ta ajiye robar a ƙasa ta ce ga shi nan. Ya juyo kansa a sunkuye ya ɗauka.

Ta koma bencinta. Ya sake bin duk abin da ya yi ɗazu, wuta, ja, wanki, shuɗi. Amma wannan karon bai daɗe a kan madubin ba. Yana sunkuyawa kaɗan ya ɗago, ya zauna hannunsa a kan tebur. Da ya fito ya durƙusa bai nemi ginshiƙi ba, ya ce, "Akwai, Inna."

Ta ce ta sani. Ya tambaya ko tana so ta gani da idonta, don wasu sai sun gani suke yarda su sha magani har ƙarshe. Ya ba ta abin rufe baki ta ɗaura, ta bi shi ciki, ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Da fari haske kawai ta gani. Ya murza mata, sai ga shuɗin fili, a cikinsa wasu 'yan jajayen abubuwa sirara kamar guntayen zare a gaban tela, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe, wasu sun taru wuri ɗaya. Ta yi mamakin ƙanƙantarsu. Ta zaci abin da ya cinye kawunta, ya kuma raba ta da 'yarta, zai fi haka girma.

Ya ce ana warkewa sarai, ba kamar da ba. Maganin kyauta ne, wata shida za ta yi tana sha kullum da safe, ko ta ji sauƙi kada ta bari. Sauran kakin zai aika garin Magariya, inda akwai injin da ke gane ko ƙwayar tata mai jin maganin farko ce. Bayan wata biyu za a sake awo, in jajayen nan sun ɓace za ta ɗauki jikanta ta goya in ta ga dama. Zulai ba ta buƙaci a yi mata lissafi ba. Kafin nan an haihu, an yi suna, wanka ya yi nisa a hannun wata. Ta ce a aika wa Fadi. Ta ce kuma a gaya wa Gaji ta samu awo a ɓagas, ƙirjinta lafiya lau. Ya yi ɗan murmushi, ita ma ta so ta yi, abin rufe bakin ya ɓoye.

Majo ya auna ta, ya ba ta ƙwayoyin farko ta haɗiye a gabansa. Ta fito ta zauna a gindin dogon yaro tana jiran Gaji ta tashi daga kasuwa. Tana nan zaune sai ta hango wata mace ta shigo ƙofar gidan likita da kwano a hannu, tana tafiya a hankali saboda nauyin ciki, fuskarta cike da fara'a. Hinda ce. Ita mijin ya buga wa talho ɗazu da labarin farko, ta tashi ta yi girki da sauri, har ta fara ɗaure kayan tafiya.

Zulai ta ɗaga hannu. "Tsaya nan."

Hinda ta tsaya tana duban abin da ke ɗaure a bakin uwarta. Abdulhadi ya fito da sauri ya tare ta, ya yi mata magana a hankali. Fara'ar ta gushe, ta sa gefen mayafi a ido. Ta yi taku ɗaya, Zulai ta sake ɗaga hannu. Shi kuma ya ja da baya ya koma ɗakinsa, ya bar su da filin da ke tsakaninsu.

Zulai ta ce ta bar kuka, ba kyau ga mai ciki. Sannan ta shiga ba ta saƙo zuwa ga Fadi, tana ɗaga murya kaɗan don ta ji. Itace yana nan a rumfa, a aika amalanke ya kwaso, busasshe ne. Kanwa tana cikin tukunyar da ke bayan ƙofa. Ganyen wanka a samo na sabara, kada a yi ƙyuya a tsinko na bakin titi. Hinda tana gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kuma ki gaya mata, in za ta watsa miki ruwan kada ta fara ta gadon baya. Ta fara ta ƙafa, ta hau a hankali. Ba kya jure zafi a baya, shiɗewa kike yi. Tun kina 'yar mitsitsiya haka kike, kakarki ba ta taɓa ganewa ba, cewa take rigima ce."

Hinda ta sauke mayafin daga fuskarta. "Yaya, wa ya gaya miki? Ai ba ke kike mini wanka ba."

"Dangar gidan kakarki tana da ɓula ta wajen turken awaki," in ji Zulai. Ta kau da kai ta dubi katanga. "Ajiye kwanon nan ki koma gida, rana ta yi zafi."

Hinda ta daɗe tsaye. Daga baya ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kwanon a ƙasa, ta juya. Tana tafiya tana waiwaye har ta fita ƙofa. Zulai ta jira sai da ta daina hango mayafinta, sannan ta tashi ta ɗauko kwanon ta dawo inuwa, ta kwance abin bakin, ta buɗe. Dambu ne da zogale, ya ji mai, ya ji yaji har yana hawa hanci. Ita kuwa tun tana budurwa ba ta cin yaji, duk gidansu an sani, amma ba wanda ya taɓa gaya wa Hinda. Ta yi bisimilla ta sa hannu, tana ci tana tari, tana ci, har ta ga gindin kwano.